Ƙafa Biyar da Na Ci a Hanya

A unguwarmu babu gidan da bai ci hanya ba. Wani ya ci da dakali, wani da rumfar kwano, wani ya fito da katangarsa gaba ɗaya, wani kuma ya haƙa shaddarsa a waje ya rufe da siminti ya ɗora benci a kai. Ni ƙafa biyar na ci, kuma da shago na ci.

Unguwar awon igiya ce. Gonar gado ce magada suka kira dillalai, aka ja igiya aka yanka ta fuloti-fuloti, aka bar layuka a tsakani. Namu layin ƙafa 40 aka bar masa, domin shi ne yake fita babban titi. Takardar da ke hannuna ta ciniki ce kawai: sunan mai sayarwa, sunana, shaidu, sa hannun mai unguwa da hatiminsa. Babu zanen safiyo, babu shaidar mallaka ta gwamnati, babu izinin gini. Haka kusan kowa yake a layin, haka kuma dubban gidaje suke a gefen biranen Arewa, inda gini yake riga hukuma isa wuri da shekaru.

Da aka gama ɗakuna muka tare, sai bulo ya yi saura. Maginina ne ya kawo shawarar. "Malam, ga hanya nan fetal, ko tirela biyu sa gifta juna. Mu fito da ɗan shago mana, ko kuɗin cefane ka riƙa samu. Ai kowa haka ya yi." Ban yi masa gardama ba, don dama maganar tana raina. Aka ɗora shago a jikin katanga ta waje, aka haƙa sokawe a gefensa, wani tela ya kama haya tun fenti bai bushe ba.

Gidan da ke ƙasa da nawa, ta inda ruwa yake gangarawa, na wata tsohuwa ne. Ginin ƙasa ne, kuma tun wurin yana gona take zaune a ciki. Inna muke ce mata. Daminar farko bayan shagon ta aiko jikanta, da ta ga shiru ta tako da kanta ta tsaya a soro. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan da yake bin gindin katangarka a da, yanzu shagon nan ya tare shi, sai ya karkato ya daki bangona." Na ce, "Inna, ruwan bana ne ya yi yawa, Allah zai kiyaye." Na ba ta ɗan na goro, ta sa mini albarka ta tafi. A raina na ɗauka an gama.

Bayan 'yan shekaru aka sayar da fulotin da ke manne da ni ta gabas, wanda ya fi nawa tudu. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya saya, ba don ya zauna ba, bene zai yi na 'yan haya. Ranar da leburori suka fara haƙa tushe ina tsaye. Na ga sun ja igiyarsu daidai gindin katangata, ko tafin hannu ba su bari ba. Na ga raminsu ya zarce zurfin nawa tushen, har ƙasar da katangar take zaune a kai ta fara zubowa ciki. Na yi musu sannu da aiki na wuce masallaci.

Daga nan tifa ta yi ta sauke jar ƙasa, aka yi ciko har daɓen gidansa ya kai ƙugun katangata. Da aka zuba dakin aka hau sama, maiɗakina ce ta fara lura da inda aka bar gurbin tagogi. Guda uku, duk suna kallon tsakar gidanmu, ɗaya ma saitin ƙofar banɗaki. Ta ce, "Malam, ka yi wa mutumin nan magana tun ba a ɗora linta ba." Na ce mata maƙwabci ba abin wasa ba ne, mutum yana tsakiyar zuba dukiyarsa ba a tarar sa da ƙorafi, in ya gama za mu zauna. Har hadisan haƙƙin maƙwabtaka na jawo mata. Ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai daga ranar ta mayar da wanke-wanke da shanya bayan kicin.

Na daɗe ina kiran abin da na yi kawaici, har na kusa gaskata kaina. Tsoro ne. A tunanina, magana a kan ginin Alhaji tana nufin hukumar tsara birane, ita kuwa hukuma in ta zo ba gida ɗaya take duba ba. Ma'aikacin da zai auna tazarar benen da katangata, da wannan tef ɗin zai juyo ya auna shagona da tsakiyar hanya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ba da sirrin tsakar gidana da lafiyar katangata a bakin kuɗin hayar tela, kuma ban taɓa yarda na zauna na yi wannan lissafin a fili ba, don na san abin da zai nuna mini.

Abin da ya fi cin raina daga baya shi ne ganin yawan ƙofofin da suke buɗe a gabana a makon da ake haƙa tushen. Ta wajen gwamnati akwai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, kuma jihohi suna da hukumominsu, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Ƙa'idarsu ita ce ba a gini sai da izini, zanen da za a amince da shi kuma sai ya nuna tazarar da aka bari gaba da baya da gefe, kuma suna da ikon tsayar da aikin da ya saɓa. Wannan ce ƙofar da nake gudu. Amma ba ita kaɗai ba ce, ba ma ita ce ta farko a wurinmu ba.

Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya warware wannan magana tun duniya ba ta san siminti ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda na sauke a gaban malamina ina saurayi, ta hana mutum buɗe tagar da za ta yaye asirin gidan maƙwabcinsa, ta hana shi buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, ta kuma hana shi haƙa abin da zai cutar da maƙwabcin ko da a cikin mulkinsa yake haƙawa. Biyu daga cikin ukun nan a kan idona aka yi su. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo musu gine-ginen da ake jayayya a kai, daga baya ya tattara hukunce-hukuncen katanga da taga da magudana da hanya a littafi guda. A irin waɗannan littattafai ne ake kawo gwajin da aka jingina wa Sayyidina Umar: a sa gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya miƙe tsaye, in yana hango cikin gidan maƙwabci sai a toshe ta. Ba komai malaman suka ba ni ba. Tsayin benen, da inuwar da ya yi mini, da iskar da ya tare, mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa saboda su. Amma ido da ruwa da rami cuta ne, cuta kuwa gusar da ita ake yi.

A kan wannan ba na bukatar ma'aikaci da tef. Mai unguwa da liman da dattijo ɗaya sun ishe ni. Kuma a lokacin gyaran ba shi da tsada. A ɗaga gurbin taga ya wuce kan mutum, bulo kaɗan ne. A ja da tushe baya a bar ɗan lungu na ruwa, a zuba kankare a tare cikon, wannan ko a jikin kuɗin Alhaji ba zai ji ba. Shi kansa ba mugu ba ne. Bai cika zuwa wurin ba, ɗan kwangila ya bar wa aikin, shi kuwa ɗan kwangila in ba a tsayar da shi ba kowane inci na fulotin sai ya cinye, don da yawan ɗakuna ake yaba masa.

Marka ta zo. Cikon ya sha ruwa ya yi nauyi, ya jingina da katangar da aka yi da bulo inci shida don ta tsare akuya da idon mai wucewa. Indararon benen guda biyu kuma a kanta suke zuba. Tsaga ta taso daga ƙasa ta yi sama a karkace, ta ratsa kusurwa ta shiga ɗakin yara, har ana hango hasken waje ta ciki.

A daren da katangar ta buɗe, a daren ɗakin Inna ya zauna. Ruwan da a da fulotin Alhaji yake shanyewa, yanzu rufi da daɓe sun tattaro shi sun turo layi. Ya zo ya tarar da shagona a kan hanyarsa, ya karkata inda ya saba karkata, sai dai wannan karon ya ninka. Allah ya tsare, a ɗakin jikokinta ta kwana. Da safe mutane suka taru suna cewa benen Alhaji ne ya jawo, ni kuma na bar su suna faɗa, har ina gyaɗa kai. Da na durƙusa yi mata jaje ta ce, "Ɗan nan, ai na gaya maka." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma a hankali ta faɗa, yadda na kusa da mu ba su ji ba.

Duk da haka katangata na fara bi, ba ɗakinta ba. Na sami Alhaji a kasuwa, ya sa aka kawo mini lemo, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam, kana nan aka haƙa, kana nan aka yi ciko, kana nan aka ɗora tagogin nan. Yarana sun ce kullum sai ka yi musu sannu. Me ya hana ka faɗa tun lokacin?" Kafin na haɗa amsa ya ƙara da cewa, "Kuma wa ya tabbatar katangar ba ta da tsagarta tun da?" Wayata cike take da hotunan biki da suna, babu ko ɗaya na katangar kafin a fara haƙa, babu na ramin, babu na cikon. Dokar boko da muka gada daga Ingila ta yarda cewa ƙasar mutum tana da haƙƙin tallafi daga ƙasar maƙwabcinsa, ta kuma yarda cewa wanda ya tara ruwa ya sako wa wani ya ɗauki alhakin ɓarnar. Amma kotu da hujja take aiki: yaya wurin yake kafin, yaya ya koma, wane injiniya ya duba ya ce ga sanadi. Ni bakina kawai nake da shi, bakin da ya yi ta yi wa leburori sannu.

Wani malami da na kai wa kuka ya tuna mini cewa shiru ma yana da wa'adi a shari'a. Babin hauzi ke nan: wanda yake nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, aka riƙe gidansa shekara goma bai ce uffan ba, ba a sauraron da'awarsa bayan haka, in dai ba tsakanin dangi ba ne. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu suke ji da ita, ta kawo irin wannan wa'adin a kan cutar da maƙwabci ya ƙirƙira. Ni ban kai shekara goma ba, haƙƙina yana nan da ransa a takarda. Sai dai tagar da za a gyara da bulo kaɗan yanzu tana da gilashi da ƙarfe da labule da ɗan haya da ya biya kuɗin shekara. Malamin bai bar ni na tashi da daɗi ba. Ya ce hadisi ya yanka wa hanya zira'i bakwai in an yi saɓani a kanta, wani kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, kuma hanya ta jama'a ce, ba ta da mai yafewa shi kaɗai. Ashe ya san shagon.

Ana cikin haka aikin titi ya iso. Gwamnati ta ba da kwangilar shimfiɗa kwalta a layinmu da gina magudanar ruwa hagu da dama, tare da matsar da turakun wuta da kafa sabon taransifoma. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bango-bango. Abin da na yi ta gudu har na bar gidana ya tsage saboda shi, ya zo da ƙafarsa ba tare da kowa ya kai ƙara ba.

A nan na koyi lambobin da ya kamata duk mai gida ya sani. Ƙa'idar da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2015 ta ware wa layin wuta mai ƙarfin 11kV da 33kV fili mai faɗin mita 11, wato biyar da rabi kowane gefe. Na 132kV mita 30 ne, na 330kV kuma mita 50. Mita 11 kusan ƙafa 36 ke nan. Layinmu da aka bar wa ƙafa 40, bayan kowa ya ci tasa hagu da dama, abin da ya rage bai fi 30 ba, kuma a cikinsa ake son kwalta da kwata biyu da turaka. Wayar kai tsaye ta saman kwanon shagona za ta bi. Ko babu titi, wannan kaɗai ya isa a ce ya tashi.

Maganar diyya kuwa, sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ta kuma ba shi damar zuwa kotu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin zama saboda bukatar jama'a, amma sai an ba mai wurin sanarwa. Sashe na 29 ya faɗi abin da ake biya, kuma a nan mutane da yawa suke shan mamaki: ba farashin fili a kasuwa ake biya ba, abin da ka ɗora a kai ake ƙiyastawa. Gini a kan kuɗin sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi. Amfanin gona a kan ƙimar da jami'i ya yanka. In an yi jinkirin biya a ƙara kuɗin ruwa. A ganina wannan doka ta matse talaka. Mutum ya tara kuɗin shekaru ya sayi fuloti, a zo a lissafa masa bulo da kwano kawai. Shi ya sa da zarar an ji ƙishin-ƙishin aiki zai bi ta wani wuri sai ka ga katangu suna tsirowa cikin dare. Duk wanda garinsu yake kan hanyar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ya san yadda maganar ƙidayar gidaje da gonaki take raba kan 'yan uwa. Kuma hukumar da take barin a yanka gona da igiya, a gina, a tare, a haifi 'ya'ya, sannan ta tuna da wurin ranar da ta zo da jan fenti, ita ma tana da nata kason na laifi.

Wannan duk bai wanke ni ba. Gidaje biyu a bakin layin da kwanar titin ta shiga cikin ainihin fulotinsu, an ƙirga su an rubuta. Shagona a kan hanya yake, ba a kan abin da na saya ba, don haka ko sisi. Na kwashe kwanona da ƙofa, tela ya kwashe kekensa, katafila ta gama da sauran. Ban yi jayayya ba, kuma ko yau ba na yi.

Amma katafilar ba a shagon ta tsaya ba. Bakinta ya daki kusurwar ainihin katangata ya karya ginshiƙin get. Masu haƙa kwata suka tsinka bututun ruwan da na ja da kuɗina. Masu wuta kuma suka kafa turke ɗaya, wayar da take riƙe shi suka ja ta suka binne cikin iyakata, daidai inda mota take shiga. Waɗannan uku ba a hanya suke ba, a cikin abin da na saya suke.

Bayan kwanaki wani akawun ɗan kwangilar ya zauna a gindin bishiya da fayil, ana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo mini takarda shafi guda da Turanci. "Sa hannu nan, Malam, shaidar mun zo ne kawai." Da a ce ban karanta ba ne, da abin ya zo mini da sauƙi wajen ba da labari. Na karanta. Ta ce na cire ginina da yardar kaina, kuma ba ni da wata da'awa ko wace iri ce a kan wannan aiki. Na buɗe baki zan yi maganar get da bututu, sai ya kalli ɓaraguzan shagon ya ce, "Kai ma dai ka san inda ka yi gini." Mutane suna tsaye a bayana. Na karɓi biro na sa hannu.

Sai da aka gama aikin, motoci suka fara wucewa, na gaji da ajiye mota a gidan mai, sannan na je wurin wani abokina lauya da muka yi makaranta tare. Ya karanta hoton takardar da na ɗauka, ya cire tabarau ya ce, "Mutumina, kai da kanka ka ɗaure kanka." Ya ce abu biyu na haɗa na cakuɗa. Shago daban, katanga da bututu da turke daban. Laifin mutum a wuri ɗaya ba ya halatta a yi masa ɓarna a wani wurin, kuma babu dokar da ta ce wanda ya ci hanya ya zubar da haƙƙin abin da yake cikin iyakarsa. Abin da ya kamata na yi bai fi ƙarfina ba: na ƙi sa hannu, ko na rubuta da birona a ƙasan takardar cewa ban da ɓarna kaza da kaza, na ɗauki hoto a ranar, katafilar tana wurin, na rubuta wasiƙa ga ma'aikatar da ta ba da aikin da shi ɗan kwangilar, na kai da hannuna, a buga mini hatimin karɓa a kan kwafina. Ya ce yawancin irin wannan ɓarna tun ɗan kwangila yana wurin da siminti da leburori ake gyara ta, don ya fi son ya ba da buhu biyar da a rubuta sunansa a ofis. In ya kwashe kayansa ya tafi, sai ka neme shi.

Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Akwai dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'i ko hukuma kan abin da suka yi a bakin aiki, ya shigar cikin wata uku, in kuma cutar mai ci gaba ce, cikin wata uku da tsayawarta. Kotuna sun fitar da wasu shari'u daga ƙarƙashinta, kamar ta neman ƙwato fili, amma ƙarar ɓarna irin tawa tana iya mutuwa a bakin ƙofa saboda ita. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka kai su kotu. Wata ukun nan sun daɗe da wucewa. Ya ce maganar turken tana da sauran numfashi tunda har yanzu yana cikin iyakata, amma ga sa hannuna, ga shi ba ni da zanen safiyo da zai nuna inda iyakar take, kuma kuɗin shari'ar zai ninka na get ɗin.

Da na fito daga ofishinsa ban nufi gida ba, wurin mai unguwa na tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, amma ta kaina zan fara." Na faɗa masa zuwan Inna soro da amsar da na ba ta. Ya yi murmushi ya ce duk layin an san shagon ne ya juya ruwan, jira kawai ake a ga ranar da zan sani.

Aka kira zama a zaurensa, da liman da Alhaji da babban jikan Inna. Tunda na riga na ɗora nawa a faifai, Alhaji bai sami abin jifa ba, kuma gaskiya bai nema ba. Muka raba kuɗin ɗakin Inna biyu, aka tayar mata da shi da bulo. Ya sa aka haɗa indararonsa da bututu aka sauke ruwan cikin sabuwar kwata. Ya ba da rabin simintin katangata, aka sake ta da ginshiƙai da rodi. Tagogi biyu aka toshe rabinsu na ƙasa aka sa gilashi mai duhu a sama. Ta ukun ɗan hayar ya ce ɗakinsa ba shi da wata iska sai ita, aka daidaita a kan za a gyara in ya tashi, kuma bai tashi ba. Wannan karon na ce a rubuta. Aka rubuta da Hausa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Turken yana nan, motata tana kwana a gidan mai, ina biyan mai gadi.

Yanzu abin da muke fama da shi takarda ce da muka tsara mu kaɗan, muna roƙon hukuma ta zo ta auna unguwar gaba ɗaya, ta tsayar da iyakar kowane layi, ta ba mu shaidar mallaka, kafin aikin ruwa ko na wuta ya biyo ta layukan baya. Ana bukatar sa hannun masu gidaje. Mutanen layinmu sun sa. Na layukan baya, inda kwalta ba ta kai ba, inda dakali da shago da sokawe suke nan a inda suke, sun ƙi. Na tsaya bayan sallar isha'i ina yi musu bayanin mita 11 da wata uku da sashe na 29, sai wani dattijo ya katse ni. "Malam, kai naka an riga an rushe, shi ya sa bakinka ya buɗe." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban ga ta inda zan musa masa ba. Takardar tana wurin mai unguwa, sa hannun bai kai rabi ba.